Wanda ya rubuta manhaja shima tuwo yake ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sammin fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai, in ya yi tsawo a yi haƙuri, ni ba marubuci bane, mai gyaran kwamfuta ne a Zariya, tun zamanin da ake loda Windows XP da faifan CD nake wannan sana'a.

Abinda ya tunzura ni shi ne abinda ya faru da ɗan yayata. Yaron nan kimiyyar kwamfuta ya karanta, ya gama bautar ƙasa ya dawo gida ya zauna ba aiki, kullum yana shagona saboda ina da sola. Sai wani mai makarantar kuɗi, wanda aminin babansa ne tun suna yara, ya kira shi yace yana so a haɗa masa manhajar fitar da sakamakon jarabawa, yadda malami zai shigar da makin tes da na jarabawa kawai, ita kuma ta haɗa ta raba ta fitar da na ɗaya da na biyu har na ƙarshe ta buga katin kowane yaro da sunansa da hotonsa, domin kafin nan duk ƙarshen zango malamansa sai sun yi kusan sati biyu suna fama da kalkuleta da jan biro, kuma duk da haka sai iyaye sun zo suna rigima an yiwa ɗansu kuskuren lissafi. Yaro ya ji daɗi, yace ga aikinsa na farko. Wata uku cur yana kan abin nan. Da idona na gani, wani lokacin in rufe shago da daddare in bar masa makulli, da safe in zo in tarar da shi ya kifa kai a kan tebur yana barci, data kuma da kuɗin da uwarsa take bashi yake saye. Ya gama, ya je ya saka musu, ya zauna da malamai kwana uku yana koya musu, abu ya yi kyau har iyaye suna yabawa.

Da ya je maganar kuɗi sai Alhaji ya yi dariya ya dafa shi yace Allah ya yi maka albarka, ai kai ɗanmu ne, ya zaro dubu biyar yace ga wannan ka hau mashin. Yaro ya yi ƙarfin hali yace Baba ai aikin ya fi haka. Amsar da aka bashi ita ce ta sa nake rubuta wannan wasiƙa, cewa aka yi, to wai me ka kashe, siminti ka saya ko rodi, ba danne-danne bane kawai a kwamfuta? A satin da aka yi haka kuma an biya mai walda kuɗin ƙofar makarantar cas ba a rage masa ko sisi ba, don shi ƙarfe ya kawo, ana gani ana taɓawa. Bayan wata biyu muka ji ashe an kwafe manhajar a filash an kaiwa wani surukin Alhajin da yake da tasa makarantar a wani gari, har da sunan makarantar farko a saman katin basu iya cirewa ba.

Na yi faɗa ranar, na yi ta bambami a shago ina cewa wannan zalunci ne. Sai wani abokina mai sayar da caja da iyafis a kusa dani, wanda baya ɓoye magana, yace min malam dakata, wanzami ne dai baya son jarfa, kai Windows ɗin da Office da CorelDraw da kake lodawa mutane shekara da shekaru kana karɓar kuɗin lodi, ka taɓa aikawa waɗanda suka rubuta su ko kwabo? Wallahi Edita shiru na yi. Domin gaskiya ya faɗa. Kwamfutocin da na saka wa kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa makullinta don a yi amfani da ita ba biya, ba zan iya ƙirga su ba, ni na karɓi kuɗin aikina na minti arba'in, mutanen da suka yi shekaru suna rubuta abin basu san ma ina duniya ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, kuma ni ne gardin. Don haka duk abinda zan faɗa a nan da ni a ciki, ba wa'azi nake yiwa kowa daga kan mumbari ba.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba, ta girmi yawancin masu karanta jaridar nan. A watan Fabrairun 1976 Bill Gates, lokacin yana ɗan shekara 20, Microsoft kuma bata wuce ɗan ƙaramin kamfani a garin Albuquerque na Amurka ba, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu sha'awar kwamfuta na lokacin. Shi da Paul Allen da wani abokin aikinsu sun rubuta manhajar BASIC ta wata kwamfuta mai suna Altair, a lokacin a jikin doguwar takarda mai huji-huji ake ajiye manhaja, sai mutane suka riƙa kwafar takardar suna rabawa juna a wajen taronsu. Gates yace cikin masu Altair ko kashi 10 cikin 100 basu sayi manhajar ba amma kusan kowa yana amfani da ita, kuma in aka lissafa abinda suka samu da lokacin da suka kashe, bai kai dala 2 a awa ba. Ya fito fili ya kira abin sata. Mutane suka yi masa ca. In ka cire sunan Gates ka saka na ɗan yayata, ka cire takarda mai huji ka saka filash, labarin ɗaya ne, bambancin kawai shi wancan daga baya ya zama mai kuɗin duniya, namu kuma har yanzu a shagona yake cajin waya.

A ɗaya ɓangaren akwai Richard Stallman, wanda a lokacin yake aiki a jami'ar MIT ta Amurka. Shi abinda ya ɓata masa rai wata firinta ce ta kamfanin Xerox da take yawan cije takarda, yana da ilimin da zai gyara manhajarta amma aka hana shi ganin asalin rubutun, aka ce sirrin kamfani ne. A matsayina na mai gyara na fahimci wannan haushin sosai, kamar a sayar maka da mota ne a yi wa bonet walda a ce ba kai ba kallon inji. A 1983 ya ƙaddamar da aikin GNU na rubuta manhajojin da ba a ɓoye cikinsu, a 1985 ya kafa gidauniya, manufarsa duk wanda ya karɓi manhaja ya zama yana da damar ya karanta cikinta, ya gyara, ya kwafa, ya baiwa wani. To a nan ne aka samu ruɗanin da har yau yake cin mutane, saboda a Turanci kalma ɗaya ce take nufin kyauta kuma take nufin 'yanci. Mu Hausawa bamu da wannan matsalar, kyauta daban 'yanci daban, ɗa mai 'yanci ba yana nufin ɗan da za ka saka aiki ka hana shi lada bane. Stallman 'yanci yake nufi, ya sha faɗa da bakinsa, kuma shi kansa a farkon tafiyar yana sayar da kwafin manhajarsa ta Emacs a kan dala 150 yana ci da kansa. Lasisin da ya rubuta bai hana kowa karɓar kuɗi ba. Amma sai ka ji ɗan boko a nan yana cewa ai yanzu duniya ta ci gaba manhaja kyauta ce, alhali ko masu wannan aƙidar basu ce mai rubutawa ya kwana da yunwa ba.

Kuma in ka duba manyan buɗaɗɗun manhajojin da suka tsaya da ƙafarsu, za ka tarar akwai mai biya a bayan fage. Linux, tsarin da yake tafiyar da na'ura kamar yadda Windows yake yi, da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, wanda shi ne a ƙarƙashin duk wata wayar Android da take aljihun mai karanta wannan wasiƙa, yau galibin masu rubuta shi ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel da Google da Red Hat, albashi ake biyansu duk wata, shi kansa Torvalds gidauniyar Linux ce take ɗauke da shi. Red Hat ɗin nan da manhajarta a buɗe take, kuɗin kula da gyara take karɓa daga kamfanoni, IBM ta saye ta a 2019 a kan dala biliyan 34. Banza bata kai zomo kasuwa.

Inda abin yake da ban tausayi shi ne ƙananan da ba wanda ya san da su, kuma a kansu nake so in ɗan daɗe. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sakawa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da take kulle bayanai tsakanin wayarka da shafin da ka shiga, wato ɗan kwaɗon nan da ake gani a saman wasu burauzoji. Shafuka wajen rabin miliyan abin ya shafa, ɓarawo zai iya zaro kalmar sirrin mutane ba tare da ya bar sawu ba. Da hankali ya tashi aka je duba su waye suke kula da wannan abu da bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanoni suka jingina a kansa, sai aka tarar 'yan tsirarun mutane ne, mutum ɗaya ne tak a cikinsu yake aikin a matsayin cikakkiyar sana'a, gudummawar da jama'a suke aika musu kuma wajen dala 2,000 ce a shekara. A shekara fa, ba a wata ba. Sai bayan an ji jiki sannan irin su Google da Microsoft da Facebook da Amazon suka yi alƙawarin dala 100,000 kowannensu duk shekara don tallafawa irin waɗannan ayyuka. A Disambar 2021 aka sake maimaitawa da wata buɗaɗɗiyar manhajar mai suna Log4j, 'yan sa kai ne suke riƙe da ita a lokacin hutunsu, suka kwana suna toshe ɓaraka ba ko sisi, kamfanonin da suke cin riba da aikinsu kuma suna ta aiko musu da saƙon ku yi sauri.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne na 2024. Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil ya ƙanƙance, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya ne ɗan Finland mai suna Lasse Collin ya yi shekaru yana ɗauke da ita shi kaɗai ba albashi. A 2022 mutane suka dame shi da ƙorafi wai baya sauri, ya fito ya faɗa musu cewa bashi da cikakkiyar lafiya kuma su tuna wannan aikin sa kai ne ba biyansa ake ba. Ana cikin haka ga wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya fara kawo 'yan gyare-gyare tun 2021, mai haƙuri mai ladabi, wasu kuma suna ta matsawa Collin lamba ya miƙa ragama ga wani. Mutum ya gaji, ya samu mai taimako, ya bashi makulli. Ashe ɓarawo ne ya yi shekara biyu da wani abu yana sallah a sahun gaba. Ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar wadda da ta bazu da zai iya shiga kwamfutocin da ba a san adadinsu ba a faɗin duniya. Allah ya sa wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft, yana gwajin wani abu daban a ƙarshen watan Maris ya lura shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar, ya bi diddigi har ya tono abin. Rabin daƙiƙa. Har yau ba a san ko wanene Jia Tan ba. Ni a ganina ba wayon ɓarawon ne kaɗai ya yi aiki ba, gajiyar mai gadin da ba a biya ce ta buɗe masa ƙofa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe albashin maigadinsa wata uku ya san abinda nake nufi.

Wasu suna cewa ai buɗaɗɗiyar manhaja kamar aikin gayya ce, kowa ya kawo fartanyarsa. Na yarda, kwatancen ya yi. Amma wanda ya taso a ƙauye ya san gayya tana da ƙa'ida, mai gona shi yake dama fura ya tuƙa tuwo ya kawo goro, kuma in aka yi taka yau gobe kai ma za ka je ta wani. Gayyar da mutum biyar za su yi ta noma shekara ashirin, attajiran gari suna zuwa da tirela suna kwashe amfanin, ko ruwan sha basu kawo ba, in an samu ciyawa a kunya ɗaya kuma su zo suna zagi, wannan ba sunanta gayya ba. Kuma ko rijiyar Ruma da mutanen Madina suka riƙa sha kyauta, ai Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, sai da ya zaro dukiyarsa ya saye ta daga hannun mai ita sannan ya yi wakafinta. Masu ɗiba basu biya ba amma an biya. Gwamnatin Jamus ta gane haka, tun 2022 ta buɗe asusu na musamman tana biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji da kowa ya dogara da su, kamar yadda ake ware kuɗin gyaran titi.

Yanzu bari in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren tsakani da Allah, don abokina mai caja bai ƙyale ni ba kuma yana da abin faɗa. Yace in na ɗauki goronka ka rasa goro, amma in na kwafi manhajarka taka tana nan, kamar ɗiban wuta ne a murhun maƙwabta, wa ya taɓa biyan kuɗin garwashi? Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa mutumin kirki wanda ba zai taɓa ɗaukar naira goma ta wani ba zai saka kirak ya tafi masallaci hankalinsa kwance. Amsata ita ce garwashin ba daga sama ya faɗo ba, wata ce ta sayi itace ta hura ta sha hayaƙi, kuma ana ɗiban wuta ne saboda gobe ita ma za ta aiko a ɗiba a gidanki. In unguwa gaba ɗaya ta daina sayen itace ta dogara da murhu ɗaya, ranar da matar nan ta gaji kowa zai kwana da yunwa. Kwafin ne bashi da tsada, wata ukun da aka yi kafin a samu abin kwafa shi ne ake biya. Sannan manhaja ba kamar ƙofar ƙarfe bace da za a kafa a manta, kullum tana buƙatar hannu, Windows ya canza, waya ta canza, an gano ɓaraka, mai amfani ya zo da sabuwar buƙata.

Hujjarsa ta biyu talauci, kuma a nan ban iya ka da shi gaba ɗaya ba. Farashin manyan manhajoji da dala ake yanka shi, an yanka shi ne don mai albashin Amurka, yanzu ma yawancinsu sun koma na haya, duk wata ko duk shekara sai ka biya, ga yadda naira ta koma tun 2023. Yaron da yake koyon zane a kwamfuta don ya samu na buga katin biki, in kace sai ya biya kuɗin lasisi da dala to kace masa ya bar sana'ar ne kawai. Ba zan zauna in ce wannan yaron da mai makarantar can laifinsu ɗaya ba. Amma abu biyu. Na ɗaya akwai mafita ta halal da mu masu gyara muke ƙin nunawa mutane saboda lalaci, LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, akwai GIMP da Inkscape na zane, akwai VLC da kowa ya sani, akwai Ubuntu da ake sakawa a madadin Windows, duk masu su sun yarda a ɗauka. Na biyu kuma, hujjar dala bata shafi ɗan unguwarku da ya rubuta maka abu da hannunsa ya faɗi farashi da naira ba. Abin haushi ma shi ne mun saba da kirak ɗin kayan Turawa har ya zame mana ɗabi'a, muka ɗauka duk abinda yake cikin kwamfuta haka Allah ya yi shi kamar iska, sai ɗabi'ar ta dawo tana cin 'ya'yanmu.

Akwai kuma masu shigo da addini su ce ilimi ba a sayar da shi. Ni ba malami bane, amma na yi makarantar allo kuma na san duk Laraba sai an bani kuɗin Laraba na kaiwa malam, ba wanda yace malam ya sayar da Alƙur'ani, lokacinsa da wahalarsa aka duba. Hadisin da yace a baiwa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, bai ce sai gumin da ya zuba a kan bulo ba. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta zauna a Kuwait a Disambar 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne na mai shi, yana da ƙima ta dukiya, shari'a ta kare shi, bai halatta a keta shi ba. A dokar ƙasa kuma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sakawa hannu a Maris 2023 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da ake karewa, kamar littafi. Wanda ya ga dama ya yi wakafin aikinsa don Allah, wannan alheri ne babba kuma ladansa yana wajen Ubangiji, amma shi zai yi niyya da kansa, ba kai za ka yi masa wakafin dole ba.

Mu a arewa ma bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba, mun ga yadda aka yi da 'yan fim. Lokacin faifai furodusa zai kashe kuɗinsa ya fitar da fim, kafin sati masu kwafa sun cika kasuwa da shi, daga baya masu turawa a waya suka ƙarasa abinda ya rage, kasuwar faifai ta mutu, da yawa suka bar harkar, sauran suka koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Wato dai kuɗin sai an biya, hanya ce kawai ta canza. Haka manhaja. WhatsApp a da dala ɗaya yake karɓa a shekara a ƙasashe da yawa kafin a soke a 2016, bayan Facebook ta saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, kuma ba don Allah aka zuba wannan kuɗin ba. In ba ka biya da aljihu ba za ka biya da kallon talla ko da bayananka, in kuma kirak ne wani lokacin da bairos za ka biya, ni nake wanke kwamfutocin, na san abinda nake tararwa a ciki.

Abinda yake bani mamaki, gwamnati ta fito da shirin 3MTT a 2023 tace za ta horar da matasa miliyan 3 a fannin fasahar zamani, yaranmu suna ta rububin shiga, kowane uba yana alfahari ɗansa yana koyon kodin, wato rubuta manhaja. To in sun gama wa zai saye aikinsu? In mai kemis da mai makaranta da mai gidan mai da sakataren ƙaramar hukuma duk sun ɗauka danne-danne ne, yaran nan hanya biyu ce ta rage musu, masu ƙoƙarin su nemi aikin kamfanonin waje ta intanet a biya su da dala su daina kula mu, sauran su ajiye laftof su buɗe POS. Sannan mu dawo muna kuka wai babu manhaja da Hausa, babu wadda ta san yadda ɗan kasuwar Kwari yake rubuta bashi ko yadda ake lissafin adashi. Wa zai zauna ya rubuta ta, da wane cikin?

Su ma yaran suna da nasu laifin, na faɗawa ɗan yayata a gaban uwarsa. Kunya ce take kashe su. Mai walda baya kunna inji sai an bashi kuɗin kaya, tela yana karɓar rabi kafin ya saka almakashi, amma ɗan boko sai ya ji nauyin faɗin farashi wai kar ace ya cika son kuɗi, sai ya gama aiki ya miƙa sannan ya tsaya yana sosa ƙeya. A yi magana tun farko, a rubuta a takarda ko da rabin shafi ce, ga abinda zan yi, ga kuɗinsa, ga kafin alƙalami, makaranta ɗaya na yiwa ba dangi gaba ɗaya ba, gyara bayan an miƙa kuma ga kuɗinsa duk zango. Ai ko a Alƙur'ani ayar da tafi kowacce tsawo a kan rubuta bashi take. Ni kuma a nawa ɓangaren, ba zan yi ƙaryar cewa na daina saka kirak gaba ɗaya ba, kwastoma yana zuwa yace shi Word ɗin da ya sani yake so, amma yanzu ina fara nuna masa na halal ɗin tukunna in gaya masa gaskiyar abinda zan saka masa, wasu suna yarda wasu su ce malam kai dai loda min.

Maganar makarantar kuwa bata ƙare ba. Wannan zangon sun canza tsarin makinsu, tes ya tashi daga 30 ya koma 40, manhaja kuma a kan tsohon lissafi aka gina ta, sai ta riƙa fitar da sakamako a karkace. Alhaji bai kira yaron ba, ni ya kira, yace kai ne kawunsa ka yi masa magana ya zo ya ɗan taɓa mana abin nan, ba wani aiki bane minti biyar ne. Na faɗawa yaro. Wannan karon ya zauna ya rubuta takarda, kuɗin aikin baya daban, na gyara daban, na makarantar suruki daban, ya sa hannu, ni na kai da kaina. Alhaji ya saka tabarau ya karanta har ƙasa, ya ninke ta ya saka a aljihu yace zai duba. Yau kwana tara kenan bamu ji alat ba, hutu saura sati ɗaya, wani malaminsu da ya kawo min gyaran laftof jiya yace an ce kowa ya nemo kalkuletarsa.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta, daga Zariya, jihar Kaduna.